Shekara 104: Lissafin Kotu da Lissafinmu

Hajiya shugaba, iyayenmu da yayyenmu, da 'yan'uwa da suka taso daga Fagge da Sabon Gari suka iske mu nan Rijiyar Lemo, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Mu 'yan kwamitin wayar da kai an ce mu ɗan yi magana kafin a shiga rahoton ma'aji. Mun zaɓi wata tambaya da ta taɓa tashi a wajen zubi, har aka kusa manta kuɗin da ake ƙirgawa. Wata daga cikin iyayenmu ce ta ce, "Wai ni kam, alƙali ya ɗaure mutum shekara ɗari da huɗu, shi ya ba shi ran? Ya ce rai da rai mana, kowa ya huta." Aka yi dariya. Amma tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta shafe mu.

Shari'ar da take nufi duk mun san ta. A 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga unguwannin Kano aka kai su Onitsha ta jihar Anambra. Wadda duk take da ɗa ƙarami a lokacin ta san yadda muka koma, yaro ya je sayen magi a bakin layi sai uwa ta tsaya a zaure har ya dawo. A watan Yulin 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104, bayan ya amsa tuhuma 38 da aka karanta masa. Mai shari'a Zuwaira Yusuf ce ta yanke hukuncin. Mace ce 'yar'uwarmu, a faɗa wa 'yan matanmu da ke cewa karatun lauya na maza ne.

To daga ina 104 ta fito? Ba daga fushin alƙali ba. Kotu ba ta kallon mutum ta ce mugu ne, a ba shi kaza. Kowace tuhuma da nata hukuncin, kuma doka ta riga ta yanka iyakar abin da za a ba mai laifin. Inda sashen dokar bai ambaci rai da rai ba, alƙali ba shi da ikon ƙirƙiro shi, ko da zuciyarsa na tafasa. Abin da ke hannunsa shi ne ya ba wannan tuhuma shekara bakwai, waccan bakwai, wata huɗu, sannan ya ce a yi su ɗaya bayan ɗaya. Haka aka tara har ta kai 104. Kamar littafin uwar adashi ne, kowa da layinta, sai a ƙasa a haɗa jimla.

Nan ne ake ruɗewa, don Allah a saurara. Akwai "ɗaya bayan ɗaya", akwai kuma "a lokaci guda". A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina kan kuɗin 'yan fansho. In an tara shekarun tuhume-tuhumen sun kai 61, amma kotu ta ce su tafi tare, don haka mafi tsawo a cikinsu, shekara takwas, ita ce ainihin zaman. Saboda haka in kin ji a rediyo an ambaci lamba mai ban tsoro, kada ki yi saurin guɗa ko salati. Tambayi tukuna: a jere ne ko a haɗe?

Akwai kuma dabara a cikin rarrabawar. Wanda aka ɗaure yana da damar ɗaukaka ƙara. In hukunci guda ne tak aka ɗora masa, lauya ya samu ɓaraka a ciki, shi ke nan ya rushe gaba ɗaya. In kuwa goma sha ne, kotun sama ta soke biyu ko uku, sauran suna nan daram. Sannan kun sha jin ana cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Da gaskiya a ciki, domin ana rage wa fursuna mai ladabi kashi ɗaya cikin uku. Mun buga lissafin: ko an rage wa 104 haka, saura shekara 69 da 'yan watanni. Shi kansa rai da rai ba ƙofa ce da aka toshe da siminti ba, tsarin mulki ya ba gwamna da shugaban ƙasa ikon yin afuwa.

Ba a nan kaɗai ake yi ba. A Amurka, a 2009, an ba Bernard Madoff shekara 150 yana da shekara 71 a duniya, saboda ya yi ta karɓar kuɗin mutane yana biyan na farko da kuɗin na baya. A gidan yari ya mutu a 2021. Wadda ta fi ba mu mamaki wata mata ce a ƙasar Tailan, Chamoy Thipyaso, da ta buɗe wani abu mai kama da adashi ta damfari mutum sama da dubu goma sha shida. A 1989 kotu ta rubuta mata shekara 141,078. Dokar ƙasar kuwa ta hana zaman irin wannan laifi ya wuce shekara ashirin, kuma ko ashirin ɗin ba ta cika ba aka sake ta. Lambar dai ta tsaya a takarda, shaida cewa an ƙirga kowa da aka cuta.

Wannan ƙirgar ita ce ta fi taɓa mu. Uwar da aka ɗauke wa ɗa ba ta son a ce "yaran Kano" a dunƙule. Tana son a ce ɗanta, ranar kaza, a unguwa kaza, kuma ga abin da aka yanke saboda shi. Amma kotu ba ta ƙirga wanda ba a kawo gabanta ba. Mu kuma mun san halinmu: a yi mana ta'asa mu ce mun bar wa Allah, ko a ce je ki ba da shaida mu ce maigida ba zai bari ba, ko kunya ta hana. Barin wa Allah daidai ne, sai dai duk wadda ta yi shiru an goge layi guda daga lissafin, mai laifi ya samu rangwamen da bai roƙa ba.

Haka zancen kuɗi. In wata ta gudu da zubin mata talatin, mata biyu kaɗai ke da rasit, to abin da ya fi sauƙin tabbatarwa a gaban alƙali na biyun nan ne. Shi ya sa ma'aji ke matsa mana a sa hannu ko a dangwala duk ranar zubi, muna ta ƙorafin tana ɓata mana lokaci ga tuwo a wuta. Daga wannan wata, wadda ba ta karɓi katinta ba ta tsaya bayan an tashi, littafin yana kan tebur. Hajiya ma'aji, bismillah, fili naki ne.