Gidan Buga Takardu: Ku Karanta Kafin a Buga

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban Gabi da ƙauyukanta, cikin gundumar Madarumfa ta jahar Maraɗi, don da su za mu yi misali yau.

Yau za mu yi magana a kan ƙaramin gidan buga takardu, wanda ake kira maɗaba'a. Babu wani cikinku da bai taɓa riƙe aikin wannan gida a hannunsa ba. Katin ɗaurin aure aikinsu ne. Kalandar da ke rataye a shago aikinsu ce. Rasit ɗin da ake ba ku in kun biya kuɗi, da hatimin da ake danna masa, da littafin nan da kuke koyon karatu da shi, duk daga irin wannan gida suka fito. Amma mutane kaɗan ne suka san yadda ake yinsu. Wanda bai san hanyar aiki ba kuwa, shi ne yakan biya sau biyu.

Daga alƙalami zuwa inji

A zamanin kakanninmu, in ana son littafi sai malami ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe shi da hannu. Littafi ɗaya yakan ci watanni. Wajen shekara ta 1450, wani mutumin Jamus mai suna Gutenberg ya ƙera haruffa na ƙarfe, kowane harafi daban. A jera su, a shafa musu tawada, a danna a kan takarda. In an gama shafi sai a wargaza haruffan a jera wani. Mutanen ƙasar Sin sun riga shi da shekaru kamar 400, su da haruffan yumɓu suka fara.

A ƙasar Hausa, Zariya ce ta yi suna a wannan sana'a. A watan Janairu na 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ne editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a can Zariya don buga jaridu da littattafai. A nan Nijar kuma, cikin shekarun 1960, hukumar yaƙi da jahilci ta fara fitar da jaridar Gangaa saboda sababbin masu karatu irinku.

Yau an bar jera haruffan ƙarfe a yawancin wurare. Kwamfuta ta karɓi aikin. Amma abu ɗaya bai sake ba tun zamanin Gutenberg: inji ba ya karatu. Abin da aka ba shi, shi yake maimaitawa. In an ba shi daidai, ya fitar da daidai sau 500. In an ba shi kuskure, ya fitar da kuskure sau 500. Ku riƙe wannan magana, ita ce tushen darasinmu.

Su wa ke cikin gidan?

Mutumin Gabi da ke son a buga masa kati yakan shiga mota ya kai aikin birni, galibi Maraɗi. In ya shiga ƙaramar maɗaba'a, zai tarar da ɗaki ɗaya ko biyu da mutane kaɗan. Akwai maigida, shi ke karɓar aiki, shi ke yanka kuɗi. Akwai mai zane, wanda ke zaune gaban kwamfuta yana shirya rubutu da hoto da launi. Akwai mai inji. Akwai mai yanka takarda da ɗinke littafi. Sa'an nan akwai yara masu koyon sana'a, su ne ke ƙirga takardu, su ninke, su ɗaure. A wani gidan mutum biyu ne ke yin waɗannan ayyuka duka.

Aikinsu yana bin lokaci kamar noma. In an yi girbi, kuɗi ya shigo hannun manoma, sai katunan aure su yi yawa. In za a koma lakwal, sai takardun makaranta. Ƙarshen shekara kuma lokacin kalanda ne. A irin waɗannan lokuta sukan kwana suna aiki. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar bugu. Kowa yana cewa nasa za a fara yi. Mai zane ya gaji, idonsa ya yi nauyi, ga mutum goma a bayansa. A nan ne kuskure yake shiga. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Don haka in kuna da buki, ku kai aikinku da wuri, kada ku bari sai saura kwana biyu.

Ba masu aure kaɗai ke zuwa ba. Bayan dokar 1992 an kafa kasuwannin itace na karkara a ƙauyukan da ke gefen dajin Babban Rafi, aka tsara cewa itace ya fita da takardar shaida mai lamba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara kuma a jahar Maraɗi suka fara, a 1991. Kowace ƙungiya in ta girma takan buƙaci hatimi, da littafin rasit, da littafin zubi. Mai shago yana son allon suna. Samari suna son riguna masu rubutu. Kowane aiki da hanyarsa: riga ana buga ta da firam mai ƙyalle lallausa wanda fenti ke ratsawa, hatimi kuwa ana yin rubutunsa a juye, don in an danna ya fito daidai.

Yadda ake yanka kuɗi

Takardar da aka fi aiki da ita ana kiranta A4. Faɗinta santimita 21, tsawonta ya kusa 30. Ana sayar da ita a ƙunshe, ƙunshi ɗaya warƙa 500. In aka yanka warƙa ɗaya gida 4, za a sami ƙananan katuna 4. Ke nan ƙunshi ɗaya yana ba da kati 2,000. Bugu da baƙar tawada kaɗai ya fi arha. Bugu mai launi ya fi tsada, don tawada 4 ake haɗawa: shuɗiya, da ja, da rawaya, da baƙa.

Kuɗin aiki kashi biyu ne. Akwai kuɗin shiryawa, wanda ake biya sau ɗaya. Akwai kuɗin kowane kati. Bari mu yi lissafi da lambobi na misali. A ce shiryawa sefa 3,000 ne, kowane kati kuma sefa 50. Mai son kati 10 zai biya 3,500, watau kowane kati ya tsaya masa 350. Mai son kati 200 zai biya 13,000, watau kowane kati ya tsaya masa 65 kawai. Kun ga dalilin da ya sa ƙaramin aiki yake da tsada. Kun kuma ga asarar wanda aka buga wa kati 200 da kuskure. Takarda ta tafi, tawada ta tafi, ga kuɗin mota zuwa Maraɗi da komowa karo na biyu.

Takardar gwaji

To, ga wurin da karatunku zai yi muku rana. Kafin a tayar da inji, mai zane yakan fitar da kwafi ɗaya tak ya miƙa wa mai aiki. Wannan ita ce takardar gwaji. Wani lokaci a fuskar kwamfuta zai nuna, ko ya aiko da hotonta ta salula. In kun ce ta yi, ko kun sa hannu, to, nauyi ya bar wuyan maɗaba'a ya koma naku. Bayan haka ba ku da bakin ƙara.

Mutane da yawa sukan dubi furanni da launi, su ce ya yi kyau, a buga. Wasu kunya ke hana su. Suna ganin mai zane ya fi su ilimi, yaya za su gyara masa? Ku saurara da kyau. Mai zane ya san kwamfuta, amma bai san sunan kakanku ba. Bai san ranar bukinku ba. Bai san unguwarku ba. A kan waɗannan ku ne malamai. Ku zauna, ku sa yatsa a kan layi na farko, ku karanta a bayyane kamar yadda kuke yi a aji. Ku duba abubuwa huɗu.

Na farko, haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Tun shekarun 1930 aka fara aiki da haruffa masu lanƙwasa cikin rubutun Hausa. A 1966 masana suka taru a Bamako, ƙarƙashin UNESCO, don daidaita rubutun harsunan ƙasashenmu, har da Hausa. Amma madannin kwamfutocin da ke ofisoshinmu don Faransanci aka yi su, waɗannan haruffa ba su bayyane a kansu. Mai gaggawa sai ya zubar da lanƙwasa. Kuna son kati ya ce ana maraba da baƙi, sai ya fito ana maraba da baki. Ƙasa ta koma kasa. Ƙafa ta koma kafa. Bari da ɓari ba ɗaya ba ne, mata sun fi kowa sani. In ya ce muku injinsa ba shi da su, ku ce masa cikin ladabi: "Malam, akwai su, a nemo." Lalle akwai su. Ana iya sa su a kwamfuta, ana iya sa su a salula.

Na biyu, rabon kalmomi. Ku ɗauki wata ƙungiyar mata da ke son a buga mata rahoton shekara. An so a rubuta cewa mai ajiya ta ba ta kuɗi. Mai zane ya manne kalmomi biyu, sai ya zama "ta bata kuɗi". Wanda ya saba ganin rubutu marar lanƙwasa zai karanta "ta ɓata kuɗi". Kun ga mace mai gaskiya ta zama abin zargi a gari, saboda ɗan fili ƙarami da aka manta tsakanin ba da ta. Magana zarar bunu ce. Wadda aka buga a takarda kuwa ta fi wuyar komawa, don tana shiga gida gida.

Na uku, sunaye. A ƙasarmu ana rubuta suna ɗaya iri biyu, da ƙa'idar Faransanci da ta Hausa. Inda Faransanci ya sa ou, Hausa u take sawa: Abdou da Abdu. Inda ya sa dj, mu j muke sawa: Djiratawa da Jiratawa. Haka Madarounfa da Madarumfa. A katin buki ku zaɓi wadda kuka ga dama, amma ku tsaya a kan guda ɗaya. In kuwa takarda ce da za ta shiga ofis ko banki, to, ku fito da katin shaidarku ko takardar rajistar ƙungiyarku, a kwafe sunan harafi da harafi. Hatimin da sunansa ya saɓa wa takardar rajista yana iya sa a mayar da ku gida hannu wofi.

Na huɗu, lambobi. Ku dubi rana da kwanan wata, ku gwada su da kalanda. In kati ya ce Asabar, lalle kwanan watan ya faɗa ranar Asabar. In an sa watan Musulunci da na boko, ku duba duka biyu. Ku dubi ƙarfe nawa ne. Ku karanta lambar waya ɗaya bayan ɗaya, a Nijar lambobi 8 ne. In littafin rasit ne, ku ga lambobinsa suna bin juna, ba tsallake, ba maimaici, don rasit biyu masu lamba ɗaya ƙofar rigima ce. Ku lura da sifiri kuma. Tsakanin 5,000 da 50,000 sifiri ɗaya ne kawai.

Wani zai ce, ni ban gama littafi na ɗaya ba, yaya zan yi? To, ka tafi da abokin karatunka, ko ki tafi da ɗiyarki ƴar lakwal. Ido huɗu sun fi biyu. Abin da ya fi kyau ma, ku rubuta abin da kuke so tun a gida, a tsanake, malaminku ya duba. Ku kai wa mai zane a rubuce, kada ku tsaya kuna faɗa masa da baki cikin ƙarar inji. In an miƙo takardar gwaji sai ku ajiye ta gefen taku, ku gwada layi da layi. Inda kuka ga kuskure ku zagaye shi da biro. In an gyara, ku ce a sake fitar da wata ku gani, don wurin gyaran wani kuskure ne akan jawo wani.

Kada ku zaci mutanen maɗaba'a za su ji haushi. Mai sana'a na ƙwarai yana son mai aiki da ke karantawa, don shi ma sunansa yana ƙarƙashin katin. Aikin da ya fita da kuskure kunyarsa ce. Kafin ku fita kuma, ku yi magana a fili a kan kuɗi da ranar karɓa, ku karɓi rasit na abin da kuka ba da. Ranar ɗauka ku ƙirga kayanku a gabansu.

Aikin mako

Ga aikin da za ku yi kafin haɗuwarmu ta gaba. Kowa ya nemo takarda ɗaya da aka buga, ko katin aure, ko rasit, ko kalanda, ya kawo aji. Ku karanta ta tare. Ku ƙirga wurare nawa aka zubar da lanƙwasa, wurare nawa aka manne kalmomi. Sa'an nan kowa ya rubuta katin gayyata na layi biyar a cikin littafinsa: sunan mai gayya, da irin bukin, da rana, da lokaci, da wuri. Ku yi musaya da na kusa da ku, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Malamai, ku taimaka musu, amma ku bari su gano kuskuren da kansu.

A nan za mu tsaya yau. Allah ya ƙara basira, ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.