Megafiksel Nawa Hoto Yake Buƙata?

A shekarar 2009 kamfanin Canon ya ba masu saye mamaki. Ƙaramar kyamararsa PowerShot G10 tana da megafiksel 14.7, amma da ya fito da magajiyarta G11 sai ya rage su zuwa 10. Hotunan sabuwar kuwa sun fi tsabta, musamman a cikin ɗaki ko bayan magariba.

Sirrin yana ga sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara. A yawancin ƙananan kyamarori girmansa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Idan aka cusa megafiksel 20, wato ɗigo miliyan 20, a wannan ɗan wuri, kowane ɗigo zai ƙanƙance, hasken da yake samu ya ragu, hoton dare ya fito da dishi-dishi. Shi ya sa kyamarar RX100 da Sony ya fitar a 2012 ta yi fice: megafiksel 20 ne da ita, amma sensarta ta ninka ta takwarorinta kusan sau huɗu.

Ban da haka, yawancin hotuna ba sa buƙatar ɗigo da yawa: talabijin mai 4K ma ɗigo miliyan 8 da 'yan kai yake nunawa, WhatsApp kuma matse hoto yake yi kafin ya aika.

Yawan ɗigo yana da ranarsa ga mai buga babbar fosta, ko mai yanko fuska ɗaya daga hoton taron biki. Sauran masu saye gara su tambayi girman sensa da ingancin gilashi, su gwada kyamarar a lungun shago mai ƙarancin haske kafin su biya.