Jawabin sallamar ɗaliban Gure da suka ci jarrabawar Bak



'Ya'yana, mun taru mu sa muku albarka. Mafi yawanku Damagaram za ku, Jami'ar André Salifou da aka kafa a 2010, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihin nan da ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Wasu kuma sai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Jami'ar Musulunci ta Sayi.

A nan Gure kun saba da Manga da Bahaushe da Tubu da Bafulatani a kasuwa ɗaya. A can za ku kwana ɗaki ɗaya da ɗan Dosso, ko Kirista ɗan Yamai. Uwa tana nesa, kuɗin tallafin karatu kan makara, zazzaɓi kan kwantar da yaro ba mai jiƙa masa fura. Wata rana waya za ta yi ƙara da tsakar dare, a ce an yi rasuwa a gida. Wa zai zauna da yaron har asuba, ya haɗa masa kuɗin mota? Limamin masallacin ɗalibai ne, ko fada, ko fasto. Aikinsu ya wuce jan salla da wa'azi nesa ba kusa ba. Ku neme su tun kafin ranar buƙata.

Malamai masu riƙe da wannan amana, gare ku nake. Ba mu manta da 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙone coci-coci a Damagaram aka rasa rayuka, kashegari wutar ta kai Yamai. Matasa ne a kan gaba. Kalmar da liman ya faɗa bayan sallar Juma'a tana iya mayar da fusataccen yaro ɗakinsa, tana kuma iya fitar da shi titi. Saboda haka liman ya san lambar wayar fada, fada ya san ƙofar gidan liman, tun ana zaune lafiya. Kada kuma a mayar da mumbarin ɗalibai dandalin rikicin ɗariƙa da Izala, ko na siyasa.

Iyaye, idan kun kai yaro, ku je ku gaisa da malamin da zai riƙa sauraro, ku damƙa masa amana hannu da hannu.

'Ya'yana, Allah ya ba ku sa'a, ya dawo mana da ku lafiya.