Gadar kanal ma tana da iyakar kayanta

Manoman Kura, Bunkure da Garun Malam, sannunku da aiki.

Yau kalma ɗaya na ɗauko muku daga bakin injiniyoyin Jamus, wato Tragfähigkeit. "Tragen" ɗauka ke nan, "Fähigkeit" kuma iyawa. Abin da suke nufi shi ne iyakar nauyin da gada ko ƙasa za ta ɗauka ba ta gaza ba. Duk mai jaki ya san wannan, domin da zarar mangala ta fi ƙarfinsa, durƙushewa zai yi.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kanal ne abincinmu. Kowace gada da kwalbatin da ke kansa, da lissafi aka zuba mata siminti da rodi. To ku lissafa da ni: buhu 100 na shanshera, kowanne kilo 100, tan 10 ke nan, ban da nauyin motar. Inda aka yi domin a-kori-kura, yau babbar mota ce ke bi shaƙe da shinkafa, ko kwandunan tumatir na zuwa Kwanar Gafan. Wallahi abin yana damuna.

Ƙasar da ke ƙarƙashi kuwa ta fi simintin ban tsoro. Wani injiniya ɗan Ostiriya, Karl Terzaghi, ya bayyana a littafinsa na 1925 cewa idan ruwa ya cika ƙofofin laka, shi nauyi ke fara dannawa, ƙasar kuma sai ta saki. Kun sha gani da idonku. Gefen gonar da kuka taka da safe ƙeƙas, bayan ban ruwa ƙafa lumewa take yi har idon sawu. Haka gaɓar kanal take. Taya ta danna ta tana jiƙe, sai ta tsage, ruwa ya sami hanya, ya dinga rarake gindin kwalbati a ɓoye. Ranar da ta rufta, maƙwabcinka na ƙasa ne shukarsa za ta ƙone da ƙishi.

Don Allah direbobi, a tsaya kan babbar hanya, a fito da kaya kaɗan-kaɗan. Manomi kuma, in ka ga tsaga ko rodi ya fito tsirara, sanar da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, su kai wa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are tun kafin a sake sako ruwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.