Me Ya Sa Ruwa Ke Narkar da Kanwa Amma Ba Ya Haɗuwa da Man Gyaɗa?

 Yau ba maganar boda ko tsadar taki za mu yi ba. Kemistiri za mu taɓa, saboda ƙannenmu masu shirin WAEC da NECO da JAMB.

Ina aji biyar na sakandare aka ce mu haddace: ruwa digiri 104.5, amoniya 107, metan 109.5. Na haddace kamar karatun aku. Ranar jarabawa aka juya tambayar, aka ce faɗi dalili. Wallahi alƙalami ya tsaya mini cak. Sai da na shiga jami'a na gane ashe abin bai kai yadda ake tsorata mu da shi ba.

To ga yadda yake. Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, su kuma suna haɗuwa su ba da molekul. Abin da ke ɗaure su shi ne ilektron na bayan zarra, waɗanda ke zama biyu-biyu. Duk ilektron cajinsu iri ɗaya ne, don haka suna ture juna. Kowane biyu na neman ya nisanci sauran iyakar iyawarsa, kamar yadda mutane ke bajewa a kan tabarma lokacin zafi. Wannan turereniyar ita ke yanke siffar molekul. Turawan Ingila biyu, Sidgwick da Powell, suka kawo tunanin a 1940, sannan Gillespie da Nyholm suka inganta shi a 1957. Shi ne VSEPR da kuke gani a littafi.

Mu fara da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, kabon dayoksaid. Kabon na tsakiya, oksijin biyu na riƙe da shi. Rukuni biyu ke nan, kuma nisa mafi girma tsakanin abu biyu shi ne ɗaya gabas ɗaya yamma. Sai ta miƙe kamar sanda, digiri 180.

Sai metan, iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Kabon ɗaya, haidirojin huɗu. Za ka ɗauka digiri 90 ne, kamar kusurwoyin ɗaki. A'a, ai molekul ba a kan takarda yake kwance ba, yana da sama da ƙasa. Sai uku su tsaya kamar duwatsun murhu, na huɗu ya dubi sama. Kowace kusurwa 109.5.

Yanzu ga inda ɗalibai ke faɗuwa. Akwai ilektron biyun da ba su ɗaure kowa ba, suna zaune kan zarrar tsakiya kawai. Ni ina ce musu 'yan zaman kashe wando: ba sa aiki, amma sun fi kowa cin wuri, sun fi kowa ture mutane. Amoniya, wadda da ita ake yin takin yuriya da manomanmu ke nema kowace damina, tana da irin wannan biyun guda ɗaya. Sai ya danne haidirojin ukun, kusurwa ta ragu zuwa wajen 107. Ruwa kuwa guda biyu gare shi. Matsi ya ƙaru, kusurwa ta sauko 104.5, molekul ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Kun ga? Ba sai ka haddace ba. Ƙirga rukuni nawa ne, ƙirga 'yan zaman banza nawa ne, shi ke nan.

Wani zai ce, to malam, ina ruwana da wannan? Ruwanka kuwa. Oksijin ya fi haidirojin jan ilektron. Da yake molekul ɗin a lanƙwashe yake, gefe ɗaya ya ɗan ɗauki caji, ɗaya gefen ya ɗauki kishiyarsa. Da wannan ruwa ke ɓamɓare gishiri da kanwar da ke shigo mana daga Nijar har su narke. Man gyaɗa ba shi da irin wannan rabuwar cajin, shi ya sa ko awa guda ka yi kana kaɗawa zai sake tasowa sama. Da a miƙe ruwa yake kamar kabon dayoksaid, da jan hagu da na dama sun kashe juna, da bai yi wannan aikin ba. Haka nan riƙon da molekul na ruwa ke yi wa juna shi ya sa sai zafi ya kai digiri 100 yake tafasa. Ɗan uwansa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid, tun a digiri 60 ƙasa da sifili ya riga ya zama iska. Rijiyar Kusugu da randar gidanku duk albarkacin wannan riƙon suke ci. Ikon Allah ke nan.

Na san makarantu da yawa a karkararmu ba su da ɗakin gwaje-gwaje, kuma wannan haƙƙi ne da ba za mu daina nema ba. Amma wannan darasin bai jira gwamnati ba. Sayi balan-balan huɗu, hura su daidai wa daida, ɗaure bakinsu wuri guda. Da kansu za su ture juna su ba ka siffar metan. Ɗaure biyu, su miƙe. Ɗaure uku, su baje, digiri 120.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, ga jami'ar sufuri, duk a ƙofar gidanmu. Abin kunya ne a ce kemistiri ya hana yaranmu shiga. Don haka ina roƙon duk wanda ya gama digiri ko NCE yake zaune a Kongolam ko Mai'aduwa, ya tara ƙanne ko biyar ne ranar Asabar, maza da mata, ya nuna musu wannan. Wanda ya gwada ya turo mana hoto.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a. Ku huta lafiya.