Duke Ellington da Mutanen da Ya Rubuta wa Kiɗa

 

An nemi in yi bayani a kan Duke Ellington, makaɗin jaz na Amurka wanda ya riƙe ƙungiyar makaɗa shekara hamsin, daga 1924 har rasuwarsa a 1974. Yawancin masu ba da tarihinsa sukan tsaya a kan yawan abin da ya tsara, wanda ya haura kiɗa dubu. Ni kuwa abin da nake so mu duba shi ne yadda ya tsara su, domin nan ne ya sha bamban da takwarorinsa, kuma nan ne ake ƙorafi a kansa.

An haife shi a birnin Washinton ranar 29 ga Afrilu, 1899, aka sa masa suna Edward Kennedy Ellington. Gidansu gidan rufin asiri ne. Mahaifinsa ya yi aikin hidima a gidajen manyan Turawa, kuma shi da mahaifiyarsa, Daisy, duk suna kaɗa fiyano. Laƙabin Duke, wanda sarauta ce a Ingila, abokai ne suka liƙa masa tun yana yaro saboda tsafta da iya sa kaya. Da fari hankalinsa ya fi karkata ga zane, har makarantar Pratt ta ba shi gurbin karatu, ya ƙi zuwa. Sai ya riƙa rubuta allunan talla da rana, da dare kuma ya haɗa makaɗa su tafi gidan biki. A 1923 ya koma Niyok tare da abokansa, bayan shekara guda suka sa shi gaba.

Ƙofa ta buɗe masa a Disambar 1927, lokacin da aka ɗauki ƙungiyarsa aiki a wani gidan rawa da ake kira Cotton Club a unguwar Harlem. Ya kamata ɗalibai su fahimci irin wannan wuri. Unguwar ta baƙaƙen fata ce, makaɗa da 'yan rawa baƙaƙe ne, amma kujerun na farar fata ne. Mai gidan, Owney Madden, ɗan daba ne da ke sayar da giya a zamanin da doka ta hana. An ƙawata ɗakin da hotunan daji, kuma 'yan kallo sun zo ne su ga Afirka irin wadda suke riyawa a ransu, ta ihu da tsalle. Abin da aka ɗauki Ellington ya yi ke nan. Ya karɓi aikin, ya yi shi, kuma tun da ana watsa kiɗan ta rediyo, kafin ya bar wurin a 1931 Amurka duk ta san sunansa.

To, a wannan ɗaki ne hanyarsa ta fito. Yana da mabusa biyu, Bubber Miley mai ƙahon tiramfet da Joe Nanton mai ƙahon turambon. Waɗannan sukan ɗauki robar nan da ake zuƙe bututun ruwa da ita idan ya toshe, su riƙe ta da hannun hagu a bakin ƙahon, suna rufewa suna buɗewa yayin da suke busa, har ƙahon ya yi gurnani, ya yi kuka, ya yi kamar zai furta magana. Masu gidan sun so abin don ya dace da dajin da suka zana a bango. Ellington kuwa ya ji wani abu dabam: ya ji cewa wannan murya ta Miley ce, ta Nanton ce, wani ba zai iya ba da ita ba ko da an ba shi ƙaho iri ɗaya. Daga nan ya daina rubuta wa kayan kiɗa, ya koma rubuta wa mutane. A takardun da yake raba wa makaɗa, sau da yawa sunan mutum ko laƙabinsa ake gani a sama, maimakon sunan abin busarsa.

Bari in ba da misali da "Mood Indigo" na 1930. Bisa al'ada, idan aka haɗa sarewar kilarinet da tiramfet da turambon, sarewar ce ke sama, turambon a ƙasa. Ellington ya juya su: ya tura turambon can sama inda muryarsa ke siranta, ya sauko da sarewar ƙasa. Mai saurare ba ya iya rarrabe wa ke busa me, sai dai ya ji wani amo mai sanyaya jiki da bai taɓa ji ba. Malamin makarantar kiɗa zai ce kuskure ne. Shi kuwa ya san bakin mutanensa uku, ya san abin da kowanne zai iya. Haka a 1940 ya tsara "Concerto for Cootie" domin Cootie Williams shi kaɗai, aka jera duk salon busarsa a cikin minti uku da 'yan kai, gwargwadon abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho ke ɗauka.

Wanda ya zaɓi wannan hanya dole ya riƙe mutanensa, kuma ya riƙe su. Harry Carney, mai babban saksofon, ya shiga ƙungiyar a 1927 yana ɗan shekara 17, bai fita ba sai da mutuwa ta raba. A shekarun baya-baya ma shi ke tuƙa Ellington a motarsa daga gari zuwa gari. Johnny Hodges ya shiga a 1928, ya fita a 1951 don ya gwada tasa ƙungiyar, ya dawo a 1955. Cootie ya tafi a 1940, ya dawo a 1962, aka buɗe masa ƙofa. Ellington ba mai son korar mutum ba ne, ko mashayi ne, ko mai makara. Idan za su yi rangadi a kudancin Amurka, inda otal ba ya karɓar baƙar fata, sai ya yi hayar taragon jirgin ƙasa, su ci a ciki, su kwana a ciki, kada wani ya wulaƙanta masa mutane. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar manyan ƙungiyoyi ta faɗi, da yawa suka watse. Shi kuwa ya riƙa kwashe kuɗin da tsofaffin waƙoƙinsa ke kawo masa yana biyan albashi, domin yana so abin da ya rubuta da dare ya ji shi washegari.

Sai a Yulin 1956 ya farfaɗo. A bikin jaz na Newport ya saki mabushinsa Paul Gonsalves ya yi ta busa, zagaye 27 ba tsayawa, jama'a suka tashi tsaye suna rawa, faifan wasan ya yi kasuwa, mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. Ku lura, ko a ranar ma wani daga cikin mutanensa ne ya cece shi.

Yanzu ga ƙorafin. Idan kiɗa ya fito daga bakin mabushi, uban ƙungiya ya gyara shi ya faɗaɗa, na wa ne? Wani ɓangare na "Mood Indigo" mabushinsa Barney Bigard ne ya kawo shi, shi ma daga wurin malaminsa na New Orleans ya samo. "Caravan" na Juan Tizol ne. Makaɗansa Lawrence Brown da Otto Hardwick sun yi iƙirarin cewa da hannunsu a "Sophisticated Lady". Ga kuma manajansa, Irving Mills, farar fata, wanda sunansa ke kan waƙoƙi da yawa a matsayin marubuci, yana cin rabonsa, har suka rabu a 1939. Babban misali shi ne Billy Strayhorn, matashin da ya same shi a Pittsburgh a 1938, suka yi aiki tare har rasuwar Strayhorn a 1967. "Take the A Train", taken da ƙungiyar ke buɗe wasa da shi tun 1941, Strayhorn ne ya tsara, amma har yau mutane da yawa Ellington suke ba. Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu: mun san sunan uban kiɗa, amma ɗan amshin da ya jefo baitin da ya fi daɗi, wa ya riƙe sunansa? A ganina Ellington ya ci bashin mutanensa, kuma bai biya duka ba. Sai dai adalci ya sa in ƙara da cewa 'yan guntayen da suka kawo masa, a hannunsa suka zama gini, kuma kaɗan ne cikinsu suka yi abin da ya kai haka bayan sun bar shi.

Burinsa ya wuce gidan rawa. A Janairun 1943 ya hau dandalin Carnegie Hall da "Black, Brown and Beige", kiɗa mai tsawon kusan minti 45 a kan tarihin baƙar fata a Amurka tun daga bauta. Masu sharhi da dama suka kushe, abin ya yi masa ciwo. A 1965 alƙalan kyautar Pulitzer suka ba da shawara a karrama shi, hukumar kyautar ta ƙi. Da aka tambaye shi, yana ɗan shekara 66, sai ya mayar da abin raha, ya ce ƙaddara ce ba ta so ya yi suna da ƙuruciya. Ba su ba shi ba sai a 1999, shekara 25 bayan ya kwanta dama.

Afirka kuwa, wadda ya fara kwaikwayo a Harlem ba tare da ya gan ta ba, ya zo ya taka ta. Tun 1947 ya tsara "Liberian Suite" don cikar Laberiya shekara ɗari. A Afrilun 1966 ya kawo ƙungiyarsa Dakar, wurin bikin fasahar baƙar fata na duniya da Shugaba Senghor ya kira. Togo ta buga hotonsa a jikin kan sarki a 1967, shi kuma ya rama da "Togo Brava Suite" a 1971. A 1973 Sarki Haile Selassie ya karrama shi a Habasha. Ya rasu a Niyok ranar 24 ga Mayu, 1974, sakamakon sankarar huhu, ɗansa Mercer ya ci gaba da riƙon ƙungiyar.

Roƙona ga ɗalibai shi ne kada ku tsaya a kan abin da na faɗa. Faya-fayen nan duk suna intanet. Ku nemi "Mood Indigo" na 1930 da "Concerto for Cootie" na 1940, ku saurara da kunnenku, sannan ku binciko sunan kowane mutum da ya yi busa ko kiɗa a ciki, ku rubuta shi kusa da na Ellington.