Jawabi a Kan Duba Lafiyar Tsohon Gida Kafin Inshora



A jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, kamfanonin inshora da dama ba sa karɓar gidan da ya haura shekara 20 ko 30, gwargwadon ƙa'idar kowane kamfani, sai masani ya duba abubuwa huɗu: rufi, wayoyin lantarki, bututun ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki da ɗumama shi. Dalili kuwa shi ne, daga nan gobara da yoyo suka fi tasowa. In an iske aibi, sai mai gida ya gyara tukuna, in ba haka ba a ƙi karɓarsa.

Jama'a, wannan darasi ne gare mu. Mun bar gidajenmu na gado a hannun tsofaffi da ƙananan yara, ba ma leƙowa sai da salla. Gara ta ci azara, indararo ya toshe, wayar da aka ja tun zamanin NEPA ta tsufa. Ko ba mu nemi inshora ko takaful ba, ai rayukan iyayenmu ne a ƙarƙashin rufin nan.

Saboda haka muna ba da shawara, kowace shekara kafin faɗuwar damina, a kira magini da mai gyaran wuta da mai aikin famfo su zaga gida. A rubuta abin da suka gani, 'yan uwa su yi karo-karo a gyara. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu, ya bar zumunci. Wassalam.